Rana Dubu ta Ɓarawo: Tunani a kan Fim ɗin Little Caesar

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu nazarin adabi, tun kafin a san wani abu wai shi majigi. Tambayar kuwa ita ce: idan mai ba da labari ya ɗauko mugu, ya yi masa ado, ya ba shi ƙarfin hali da kaifin baki, ya sa muka bi shi sau da ƙafa tun daga farko, sa'an nan da labari ya zo ƙarewa ya kashe shi, shin wannan kisan ya wanke mai labarin daga alhakin sha'awar da ya riga ya dasa mana a zuci? Galibin mutane za su ce ya wanke shi, tun da an nuna cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ni kuwa a nawa ganin maganar ba ta ƙare a nan ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba tambayar ta hanyar fim guda ɗaya, watau Little Caesar, wanda ma'anar sunansa ita ce Ƙaramin Kaisar. Kamfanin Warner na ƙasar Amurka ne ya fito da shi a birnin Niyok cikin watan Janairu na 1931, lokacin da majigi bai daɗe da fara magana ba. Na zaɓe shi ne domin a kansa, shi da 'yan'uwansa biyu, aka yi wannan gardama a fili, har ta kai ga kafa doka, saboda haka muna da abin dubawa a hannu, ba sai mun yi ta shaci-faɗi ba.

Yadda majigi ya yi baki

Kafin 1927 majigi bebe ne. 'Yan wasa suna motsa baki, a rubuta abin da suka ce a allo, wani makaɗi kuma yana zaune a gaban 'yan kallo yana kaɗa abin da ya dace. A watan Oktoba na 1927 kamfanin Warner ya fito da The Jazz Singer, wanda aka ji waƙoƙi da ɗan guntun zance a cikinsa. A Yulin 1928 kamfanin ya sake fito da Lights of New York, shi ne dogon fim na farko da aka yi magana a cikinsa tun daga fari har ƙarshe. Abin lura a nan shi ne, labarin wannan fim na 'yan fasa-ƙwaurin barasa ne. Watau ke nan ranar da majigi ya buɗe baki sosai, ɗan daba yana cikin waɗanda suka fara magana da shi.

Aikin bai yi kyau ba a farkon al'amari. Abin ɗaukar magana ba ya ji daga nesa, sai a ɓoye shi cikin tarho ko wani kayan ɗaki, 'yan wasa su taru a kansa kamar masu jin ɗumin wuta. Kyamara kuwa ƙara gare ta, saboda haka aka kulle ta cikin wani akwati mai kama da ɗan ɗaki, ta kasa yawo. Amma cikin shekara biyu zuwa uku an shawo kan yawancin waɗannan matsaloli, kuma ba wanda ya ci ribar abin kamar labarin 'yan daba. An yi irin waɗannan finafinai tun zamanin bebe, alal misali Underworld na 1927, amma a can bindiga hayaƙi kurum take yi. Yanzu sai ga ƙarar bindiga mai ruwa, ga kukan tayar mota a kan kwana, ga jiniyar 'yan sanda, ga kuma uwa uba, karin harshen 'yan tasha na biranen Amurka, mai sauri, mai gatse.

Labarin ma ba daga sama aka ɗauko shi ba. Daga Janairun 1920 har Disambar 1933 dokar Amurka ta hana yin barasa da sayar da ita da safararta. Mashaya ba su daina sha ba, sai cinikin ya koma hannun gungun 'yan daba, suka yi kuɗi na fitar hankali, suka sayi 'yan sanda da 'yan siyasa. Mafi shahara cikinsu shi ne Al Capone na birnin Shikago. Ran 14 ga Fabrairu, 1929, aka jera mutum bakwai a jikin bangon wani gareji a Shikago aka bindige su, biyu daga cikin maharan suna saye da kayan 'yan sanda, kuma ba a taɓa hukunta kowa a kan wannan kisa ba. Shi kansa Capone da aka ɗaure shi shekara 11 a 1931, laifin ƙin biyan haraji aka kama shi da shi. A watan Oktoba na 1929 kuma kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe, talauci ya sauka, har ya zama a 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aiki. Waɗannan su ne mutanen da suka cika gidajen sinima suna kallon Ƙaramin Kaisar.

Labarin Riko

An ɗauko fim ɗin daga littafin W. R. Burnett na 1929, Mervyn LeRoy ya ba da umarni, Edward G. Robinson kuma ya fito a matsayin Riko Bandello. Tsawonsa bai cika minti 80 ba.

Riko ƙaramin ɗan fashi ne na bakin hanya. Shi da abokinsa Joe Massara sun yi fashi a wani gidan mai da dare, sa'an nan suka shiga wani ɗan gidan abinci. A nan Riko ya ga labarin wani gawurtaccen ɗan daba, Pete Montana, a jarida, an yi masa walima a birni. Nan take ya ƙudura cewa shi ma sai ya zama wani. Suka tafi birni. Joe, wanda zuciyarsa tana ga rawa, ya sami aiki a wani kulob tare da wata mai rawa, Olga, suka fara soyayya. Riko kuwa ya shiga gungun Sam Vettori. Daren sabuwar shekara suka yi fashi a kulob ɗin da Joe yake aiki, Riko ya harbe wani babban jami'in yaƙi da miyagun laifuffuka a kan idon Joe. Daga nan ya ture Vettori ya zama shugaba, ya kori abokan gaba daga gari, har babban uban gidansu, wanda ake kira Big Boy, ya danƙa masa arewacin birnin.

Abin da ya kayar da shi shi ne Joe. Riko ya ji tsoron kada ya tona masa asiri, ya je da bindiga zai kashe shi, ya dube shi ido da ido, ya kasa. Daga nan komai ya watse. Aka kama mutanensa, matar da ya ba ajiyar kuɗinsa ta hana shi sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya koma kwana a gidan kwanan matsiyata, yana shan barasar da a da ba ya taɓawa. Wani ɗan sanda mai suna Flaherty, da ya san halinsa, ya sa aka buga a jarida cewa Riko matsoraci ne. Riko ya kasa haɗiye wannan, ya buga waya ofishin 'yan sanda yana cika baki, aka bi sawun wayar, aka harbe shi a bayan wani allon talla. Tallan da ke jikin allon kuwa na wasan rawar Joe da Olga ne. Ya mutu yana tambaya ko ƙarshen Riko ke nan.

Hujjar masu cewa ƙarshe ya wadatar

Masu yin finafinan sun kare kansu da wannan ƙarshe. Sun buɗe Little Caesar da wata aya ta Linjila mai magana a kan makomar wanda ya zari takobi. The Public Enemy, wanda James Cagney ya fito a ciki a 1931, an sa masa rubutu a farko da ƙarshe mai cewa manufarsa nuna wata cuta ce ta al'umma, ba ɗaukaka ɗan daba ba. Scarface na 1932, wanda Howard Hawks ya ba da umarni, ya fi shan wuya a hannun masu tace finafinai: an tilasta a ƙara wa sunansa wata jimla mai kiran abin kunyar ƙasa, an cusa wani fage inda mai gidan jarida yake yi wa jama'a huɗuba, har an ɗauki wani ƙarshe dabam inda aka rataye ɗan dabar bisa hukuncin kotu.

Ba za a ce hujjarsu ba ta da ƙarfi ba. Da fari dai, fim bai haifi ɗan daba ba. Capone ya riga Riko zuwa duniya, dokar hana barasa da cin hanci su suka yi renonsa, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. John Dillinger, shahararren ɗan fashin bankuna, jami'an tsaro sun harbe shi ran 22 ga Yuli, 1934, yana fitowa daga wani gidan sinima a Shikago inda ya kalli fim ɗin 'yan daba mai suna Manhattan Melodrama. Mai neman laifin majigi zai ce ga shaida. Amma Dillinger yana kurkuku tun 1924, bai fito ba sai 1933, watau ya shiga fashi tun majigi yana bebe, kuma a gidan yari ya ƙware. Na biyu, tun zamanin Girkawan dauri Aristotal ya saɓa wa malaminsa Aflatun a kan irin wannan batu. Aflatun yana ganin kwaikwayon mugun hali yana shayar da mugun hali a zuciyar mai kallo, shi ya sa ya so a nisanta masu irin wannan fasaha daga birnin da ya ƙaga. Aristotal kuwa yana ganin kallon faɗuwar babban mutum yana tayar da tsoro da tausayi, sa'an nan ya wanke zuciya daga gare su. Bisa wannan ra'ayi, wanda ya kalli ƙarshen Riko ya fito da sanyin jiki, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Inda hujjar ta yi rauni

Duk da haka ina ganin hujjar tana da ɓaraka, kuma karin maganarmu ma ya nuna inda ɓarakar take. Mukan ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Dattijo in ya ji wannan, rana ɗayar yake ji. To, amma a ba saurayin da ya kwana uku bai ci ya ƙoshi ba, wanda ubansa ya yi shekara biyu yana bin layin neman aiki, a ce ya yi lissafi. Zai ga dubu a hannu ɗaya, ɗaya a ɗaya hannun. Fim ɗin ya shafe fiye da sa'a guda yana nuna Riko yana hawa, da kwat mai tsada da zoben lu'ulu'u da sigari a baki, manya suna sunkuyar masa da kai, sa'an nan ya kayar da shi cikin 'yan mintoci. Mai kallo kuwa ya san kowa ma zai mutu, da mai bin layi da mai kwat. Idan mutuwa ce kaɗai farashin, akwai wanda zai ce ya saya.

Bugu da ƙari, mutuwa irin ta Riko ba lalle ta rage masa daraja a idon mai sha'awarsa ba. Ya ƙi miƙa wuya, sai da aka yi masa ruwan harsashi. A 1948 wani manazarci Ba'amurke, Robert Warshow, ya rubuta maƙala inda ya ɗauki ɗan dabar majigi a matsayin gwarzo irin na wasannin ban tausayi, mutumin da al'umma ta ce masa lalle ya yi fice, sa'an nan ficen ya zama ajalinsa. Wanda aka yi wa irin wannan kallo ai ya zama abin tunawa.

Su kansu masu yin finafinan sun gane haka. A 1938 kamfanin Warner ya fito da Angels with Dirty Faces. A ciki Cagney ya fito a matsayin ɗan daba wanda yaran unguwa suke ɗauka gwarzo, aka yanke masa hukuncin kisa. Abokinsa na ƙuruciya, wanda ya zama limamin coci, ya zo ya roƙe shi alfarma guda: in za a kai shi kujerar lantarki, ya yi kuka, ya yi magiya kamar matsoraci, domin yaran su daina ganin girmansa. Ya ce ba zai yi ba, amma da lokacin ya zo sai aka ji yana kururuwa, fim ɗin kuma ya bar mai kallo ya yanke wa kansa ko tsoron gaske ne ko alfarmar ce ya yi. Wannan labari shaida ce daga bakin masu sana'ar cewa kisa kaɗai ba ya kashe sha'awa. Sai dai maganin da ya kawo shi ma abin dubawa ne, domin tarbiyyar da aka gina a kan wasan da aka shirya don a ruɗi yara, ranar da suka gano, da ita da mai yin ta duk za su zube.

Wani abin kuma shi ne wanda hukuncin ya faɗa wa. Riko ya mutu, Vettori ya shiga hannu, amma Big Boy, mai katafaren gida, wanda shi ne yake raba unguwanni yana naɗa wanda ya so, ba a nuna ko ƙwarzane ya same shi ba. Mai kallo mai wayo zai iya fita da darasin da ba shi aka nufa ba: laifin Riko shi ne bai hau can ƙololuwa ba, inda hannu ba ya kaiwa.

Maganar murya

A nan ne zancen sauti ya shigo, kuma ɗalibin Hausa yana da abin da zai auna shi da shi. Duk wanda ya saurari tatsuniya ya san Gizo macuci ne, maƙaryaci, mai haɗama, kuma sau da yawa asirinsa yakan tonu a ƙarshe. Amma a tambayi yara wa suka fi so. Gizo ne, kuma babban dalili shi ne mai tatsuniya takan ba shi murya tasa ta kansa, da tsamin bakinsa, alhali sauran duk da murya ɗaya ake faɗin maganarsu. Gari na wayewa tsamin bakin nan yara za su yi ta kwaikwayo. Haka ya faru da Robinson. Mutum ne gajere, ba kyakkyawa ba, haifaffen Bukares ta ƙasar Romaniya, wanda a zahiri mai son zane-zane ne da karatu. Abin da ya sa ya cika allo shi ne muryarsa, mai fita ta gefen baki kamar ana yaga ƙyalle. Shekara da shekaru masu ban dariya suna kwaikwayonta, har a finafinan zane na yara. Ba wanda ya taɓa kwaikwayon muryar Flaherty.

Amma akwai bambanci tsakanin Gizo da Riko. Tatsuniya tana da shinge. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san an shiga duniyar da kura take magana, da an ce ƙurunƙus kuma an fito. Ba yaron da zai tashi da niyyar zama gizo-gizo. Riko kuwa a titin da mai kallo zai bi ya koma gida yake tafiya, labarinsa kuma shi ne wanda mai kallo ya karanta a jaridar safiyar ranar. A gidajen sinimarmu an saba da bos a gefe guda, jarumi a gefe guda, kowa ya san wanda zai yi wa tafi. A Little Caesar bos ɗin shi ne jarumin, babu wani da aka ba mu mu bi in ba shi ba.

To, tun da majigi ya sami baki, sai mu tambaya, wa aka ba bakin? A duba fagen farko na fim ɗin. Daga nesa ake nuna gidan man, cikin duhu. Mota ta tsaya, aka shiga ciki, fitila ta mutu, aka ji harbi, mota ta tashi. Sai ga Riko da Joe suna neman taliya da kofi. Mutumin da ke tsaron gidan man nan ba mu ga fuskarsa sosai ba, ba mu san sunansa ba, bai ce uffan ba. Ko yana da mata, ko akwai 'ya'yan da suka kwana suna jiran ƙarar buɗe ƙofa, fim ɗin bai waiwaye shi ba har ya ƙare. A zamanin da kowa ya sami murya, shi an bar shi a zamanin bebe. A ganina wannan shirun ya fi duk harbe-harben fim ɗin haɗari, domin shi ne yake koya wa mai kallo cewa wanda aka kashe matakala ce kurum.

Inda fim ɗin ya faɗi gaskiya

Ba na cewa Little Caesar fim ne marar tarbiyya. Yana da wa'azi mai ƙarfi, sai dai ba a bayan allon talla yake ba, yana tsakiyar labarin, lokacin da Riko yake ganiyarsa. A walimar da yaransa suka shirya masa, sun ba shi kyautar agogo mai tsada, yana ta murna, sai ga Flaherty ya shigo yana cigiyar wani agogo da aka sace a kanti. Ashe ko kyautar girmamawar tasa ta sata ce. An ce ya yi jawabi, ya tashi ya rasa abin faɗi. Pete Montana, tsohon hannu, ya kauce wa masu ɗaukar hoto, shi kuwa Riko ya gyara tsayuwa, sa'an nan ya je ya sayi jaridar rututu don ya ga kansa. Da ya je gidan Big Boy aka gaya masa kuɗin wani zane da ke rataye a bango, sai ya ɗauka zinariyar da aka kewaye zanen da ita ce ta ci kuɗin. Ba shi da mata, ba shi da gida in ban da wanda ya kwaikwaya, abokinsa ɗaya tak, shi ma ya kai ga auna shi da bindiga.

A lura kuma da aikin jarida a labarin. Jarida ce ta kira shi birni, jarida ce ta zame masa madubi, jarida ce kuma aka yi tarko da ita aka kama shi. Ko da yake mutuwa, bai ce ni ba, sunansa ya ambata kamar mai karanta kanun labari. Mutum ne da ba shi da kowa a cikin rigarsa sai abin da mutane suke faɗi a kansa. Wanda ya ga wannan ya ga cewa rana dubun ma ba ta ɓarawo ba ce, tun yana cikinta a tsiyace yake. Wannan ya fi harsashi tsoratarwa, domin lissafin saurayin nan mai jin yunwa shi yake rushewa.

Sau ɗaya kuma fim ɗin ya ba wanda aka cuta murya. Tony, direban gungun, ya tsorata bayan fashin kulob. Mahaifiyarsa ta zo ɗakinsa, tsohuwa, tana tuna masa lokacin da yake yaro yana waƙa a coci. Ya tashi zai je wurin limami ya faɗi laifinsa, Riko ya bi shi a mota ya harbe shi a kan matakalar cocin, sa'an nan gungun suka bi gawarsa da furanni. Wannan kisan ya fi na gidan mai ciwo nesa ba kusa ba, alhali rai ɗaya ne da rai ɗaya. Bambancin kawai shi ne mun ji muryar uwar Tony.

Ko hani shi ne magani?

Mutanen Amurka na wancan lokaci sun gwada hani. Tun 1915 kotun ƙolinsu ta yanke cewa fim kasuwanci ne, ba ya cikin abin da 'yancin faɗar albarkacin baki ya kare, hukuncin da bai sauya ba sai 1952. A 1930 ƙungiyar kamfanonin fim, ƙarƙashin Will Hays, ta amince da wasu ƙa'idoji waɗanda wani limamin Katolika, Daniel Lord, da wani mai buga mujalla, Martin Quigley, suka tsara, cikinsu har da cewa kada a karkata tausayin mai kallo zuwa ga mai laifi. Ba a bi su sosai ba sai a 1934, bayan matsin lambar cocin Katolika da kuma binciken da wata gidauniya mai suna Payne ta ɗauki nauyi a kan tasirin fim ga yara, binciken da daga baya masana suka soki hanyoyinsa. Aka naɗa Joseph Breen, ya zama ba fim ɗin da manyan kamfanoni za su fitar sai da hatimin ofishinsa. Little Caesar ma aka jingine shi, sai a shekarun 1950 ya sake fitowa.

Me ya biyo baya? A 1935 Cagney ya fito a G Men a matsayin jami'in tsaro na gwamnatin tarayya, a 1936 Robinson ya fito a Bullets or Ballots a matsayin ɗan sanda. Murya ita ce dai, naushi shi ne dai, bindiga ita ce dai, hula kurum aka sauya. Waɗanda harsashi yake samu kuwa har yanzu ba su da suna. Doka tana iya tilasta wa marubuci ya kashe mugu a shafin ƙarshe, amma ba ta iya tilasta masa ya ga mutumin gidan mai.

Kammalawa

Amsata ga tambayar da na fara da ita ke nan: mutuwar mugu a ƙarshen labari ba ta isa ta wanke mai labarin ba. Abin da ake binsa bashi shi ne gaskiya ta fuska biyu. Ya nuna abin da mugun yake asara tun yana kan ganiyarsa, ya kuma ba wanda aka zalunta fuska da suna da murya. Little Caesar ya biya bashin farko da kyau, shi ya sa har yanzu ake kallonsa, har Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa a shekarar 2000. Bashi na biyu kuwa sau ɗaya ya biya, ya ci sauran.

Da yawa daga cikinmu a wannan ƙungiya muna rubuta gajerun labarai da wasannin kwaikwayo, kuma ba mai rubutun da zai guje wa mugu, domin labarin da ba mugu a ciki ba ya tafiya. Shawarar da zan bayar ita ce, in ɗayanmu ya gama rubutu, kafin ya yi murnar cewa ya ɗaure azzalumin ko ya kashe shi a fitowa ta ƙarshe, ya koma baya ya ƙirga layin maganar da ya ba shi, sa'an nan ya ƙirga wanda ya ba mutumin da aka zalunta. Ina fata malamai da 'yan'uwa ɗalibai waɗanda suke da wani ra'ayi dabam, musamman masu goyon bayan Aristotal, za su mai da martani a fitowa ta gaba.